Ranar da Aka Karya Garkuwar Dornfels

Ni 'yar mai ƙera gangunan katako ce, sunana Walburga, ana ce mini Burga, kuma bishop na aura. Duk wanda na gaya wa haka, ko dai ya fashe da dariya ko ya tofar da yawu, ya danganta da cocin da yake zuwa ranar Lahadi. Ni dariyar ta daɗe da ƙare mini.

Maigidana Ortwin shi ne ɗa na biyu a gidan Dornfels. Kun dai san yadda manya suke yi da 'ya'yansu: na fari ya ɗauki garkuwa da ƙasa, na biyu a aske masa tsakar kai a miƙa wa coci, ko yana so ko ba ya so. Tun bai gama famfara ba aka kai shi. Ya yi ta hawa har ya zama bishop na Aldenwerder, da zobensa da sandarsa da doguwar hularsa, in ya fito mutane su zube a cikin taɓo. Sai littattafan nan na masu sabuwar koyarwa daga garin Wittenberg suka shiga hannunsa, suka hana shi sukuni. Wata ranar Ista ya hau mumbari ya yi wa'azi da harshen da muke ciniki da shi a kasuwa, ya ce ba Paparoma ke riƙe da mabuɗin sama ba. Ya ɗauki ƙoƙon ruwan inabin da limamai kaɗai ke sha, ya miƙa wa wata tsohuwa mai sayar da kifi. Ina wurin. Tsohuwar ta sha, ta goge baki da hannun riga.

A shekarar ya aure ni. Kada ku tambaye ni me ya gani, ni dai na raka babana kai ganguna gidansa, muka yi musu kan wata ganga mai yoyo, na ƙi ba shi gaskiya, shi ke nan ya maƙale. Fasto ne ya ɗaura mana aure a gaban jama'a, da rana tsaka, ba a ɓoye ba. Wannan ko a gaban wa zan maimaita shi.

Daɗin bai je ko'ina ba. Paparoma ya tsine masa, Kaisa, sarkin sarakuna, ya turo sojoji, mutanen da suka sha daga ƙoƙon nan su ne suka buɗe musu ƙofar gari. Aka zare masa zobe. Faston da ya ɗaura auren aka jefa shi a kogi, shaidu kuwa kowa ya ce shi ranar yana gona. Muka gudu ina da tsohon ciki, muka faɗo ƙasar wani sarki mai bin sabuwar koyarwa, aka ba mu ɗaki biyu a bayan unguwar majema, inda ko burodi warin fata yake yi. Mutumin da ake sumbatar hannunsa ya koma koya wa 'ya'yan fatake Latin, suna jifansa da ƙwallon tuffa in ya juya baya. Su kansu 'yan sabuwar koyarwar ba su taɓa sakin jiki da shi ba. In ya wuce sai ka ji ana cewa har yanzu turaren Roma bai bar jikinsa ba.

Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Tilman.

Tilman ɗanmu ne, shi kaɗai ya rayu a cikin waɗanda na haifa. Ya taso da hancin Dornfels da hannun babana, ya ƙare ƙuruciyarsa a maƙera yana koyon aiki. Da lokaci ya yi ya je ƙungiyar maƙera ta karɓe shi ya buɗe tasa, sai dattawan suka ce ba sa karɓar wanda ba a tabbatar da haihuwarsa ba. Ɗan limami, in ji su, ɗan limami ne, ko a Roma ko a Wittenberg. Kun san abin da suke nufi, ni ma na sani, tunda limamin Roma ba ya aure. Shege suke nufi. Uban yarinyar da yake nema ya ce masa ya je ya samo suna tukuna. Wan maigidana, Eckbert, wanda ke zaune a Dornfels, gidansu na kan dutse, kalmarsa ɗaya ta isa ta wanke yaron, amma ya rantse shi ba shi da ƙane, ƙanensa ya mutu ranar da ya hau mumbarin nan. Kowace shekara maigida sai ya ce, "Burga, Eckbert zai sauko, zuciya ce kawai." Ni kuma in ce, "To, Allah ya sa ya sauko kafin a saukar da shi."

Ana cikin haka kan maigida ya fara kwancewa. Da safe garau yake, ya yi addu'a, ya yi mini gardama kan gishirin miya. Rana na karkatawa sai ya fara neman abin da babu. Ya taɓa sa takalmansa a tanderu. Ya taɓa kirana da sunan matar da ta shayar da shi. Wata rana na same shi a bakin rijiya yana sa wa kajin maƙwabta albarka da yatsu biyu. Na yi ta ɓoyewa iya ƙarfina, don in mutane suka sani cewa za su yi hukuncin Allah ne ya sauka.

Farkon shigowar sanyi, ina yanka kabejin da zan jiƙa, sai ga wani tsoho a ƙofa, yana jan doki da ya jigata.

Ya ce, "Gafara dai. Nan ne gidan ranka ya daɗe?"

Na ce, "Wane ranka ya daɗe? Nan gidan malamin Latin ne. In fata ka zo saye, ƙofa ta gaba."

Maigida ya leƙo daga ɗaki, ya ƙura masa ido, sai ya buga tsalle kamar yaro. "Veit! Kai ne? Ashe kana nan da rai, tsohon ɓarawon tuffa!"

Veit shi ne mai riƙe garkuwar gidan Dornfels tun zamanin ubansu. Ya cire hula, ya nemi ya durƙusa, gwiwa ta ƙi, ya dafa bango.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, sai haƙuri. Ubangidana Eckbert ya riga mu gidan gaskiya."

Maigida ya zauna a kan gangar kabeji. Ya ce, "Ya ambace ni?"

Veit ya sunkuyar da kai. "Bai ambaci kowa ba sai karensa."

Na zuba wa tsohon giya mai ɗumi, ya sha, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Eckbert bai bar ɗa namiji ba. Biyu ya haifa, ɗaya yaƙi ya ci shi, ɗaya annoba. Saboda haka za a karya garkuwa.

Wa bai san wannan ba? In namiji na ƙarshe a gidan manya ya mutu, juya garkuwarsa ake yi kai ƙasa, a karya ta, a jefa masa cikin kabari, sunan gidan ya tafi ke nan har abada. Amma kafin a karya, dole mai riƙe da ita ya yi tambaya sau uku ko akwai sauran namiji. Maigida ba ya ciki, tun ranar da aka aske shi ya rantse ya bar garkuwa. Sai dai jininsa na nan. In ya ɗora hannu a kan ɗansa a gaban manyan da suka taru, ya ce wannan ɗana ne na aure, ba mai ikon taɓa garkuwar sai an kai magana gaban sarki. Sarkinmu kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan Dornfels, zai so ƙwarai a ce ɗan cocinsa ne a ciki. Veit ya ce har ya tura wakilinsa wurin jana'izar.

"Ni za a sa in karya ta, uwargida," in ji Veit, idonsa ya kawo ruwa. "Tun ina saurayi nake goge ta. Ba wanda ya aiko ni, ni na sato jiki na zo."

Na ce, "Ni ba ruwana da dutsenku da garkuwarku. A dai ce a gaban mutane ɗana ɗan halak ne, in ya so a ba kare garkuwar ya kwanta a kai."

Tilman ya shigo daga maƙera, fuska duk baƙin gawayi, muka gaya masa. Ya yi tsaki.

"Haba Inna! Mutanen da ko gaisuwa ba su taɓa aiko mana ba? Mu je su yi mana kallon mabarata?"

Maigida ya miƙe. Ranar muryarsa ta dā ta dawo, wadda take cika coci. Ya ce, "Za mu je. Coci ta cinye ƙuruciyata, gaskiya ta cinye kujerata, ban yi kuka ba. Amma kai, Tilman, ban ba ka komai ba, ko sunan da kowane ɗan manomi yake samu kyauta. Wannan ɗin zan ba ka, ko da shi ne abu na ƙarshe da bakina zai yi."

Tilman ya juya wa bango fuska don kada mu ga idonsa.

Na ja Veit gefe, na ce, "Da safe za a binne shi?"

"Da safe, uwargida."

"Ka tabbata? Mutumin nan da safe nawa ne. Da yamma ban san na wa ba ne."

Ya ce haka aka tsara, da safe.

Muka samu wani mai keken doki da ke kai gishiri wajen, ya yarda ya ɗauke mu. Na kwana biyu ban ga maigida cikin walwala irin ta hanyar nan ba. Ya yi ta nuna wa Tilman abubuwa, can ne suka taɓa kama kifi, can ne doki ya kayar da Eckbert cikin ƙaya. Ya ce ranar da aka zo ɗaukarsa za a kai shi coci, Eckbert bin keken ya yi da gudu yana kuka har gada, sai da Veit ya sungume shi. Tilman yana yi masa aski da safe, yana tsokanarsa, "Baba, ka tsaya mana, in na yanke maka kunne da me za ka ji tambayar?" Su yi ta dariya. Da yamma kuma in yi maza in kwantar da shi a masauƙi kafin ya fara sambatu a gaban mutane. Ni da na san halin duniya, ni da aka kora da ciki, sai ga ni a cikin keke ina tunanin irin rigar da zan sa ranar auren ɗana. Kai, wauta ba ta da shekaru.

Da safiyar ranar jana'izar muka hau dutsen. Dusar ƙanƙara ta ɗan zuba, tsakar gidan cike da dawakan baƙi. Sibylla, matar marigayin, ta fito cikin baƙaƙen kaya, doguwa, busasshiya. Ta dube ni kamar ba kowa a wurin. Ta zo gaban maigida ta rusuna, ta kama hannunsa, ta sumbaci yatsan da babu zobe.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe Bishop."

Ya janye hannunsa a hankali. "Ba bishop ba ne, Sibylla, ƙanen mijinki ne. Ga matata, ga ɗana."

Ta ce, "An tanadar wa masu yi maka hidima wuri a kicin."

Na ce, "Uwargida, hidimar da nake yi masa ce ta haifi wannan ƙaton da kike gani. Inda ya zauna nan za mu zauna."

Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta sa aka kai mu wani zaure mai faɗi, murhunsa ba wuta, aka ce mu jira. Wai shugaban sufayen coci da zai jagoranci addu'a bai iso ba, hanya ta ɓaci.

Muka jira. Wakilin sarki ya shigo, wani siriri mai tari, ya gaishe mu sama-sama, ya ce, "Magana ɗaya muke so, malam, da ƙarfi, kowa ya ji. Sauran aikinmu ne." Maigida ya ce kada ya damu, ya yi wa'azi a gaban dubbai. Mutumin ya fita. Hantsi ya wuce. Na leƙa na sami Veit, na ce ina safiyar da ka yi mini alkawari? Ya buɗe hannuwa, ya ce shi ma bai san me ake ciki ba. Rana ta take tsaka, ba shugaban sufaye, ba labarinsa. Ina ta kallon hasken taga yana matsawa a ƙasa.

Can sai maigida ya fara bin bango da ido. Ya ce, "An canja wurin kan barewar nan. Ina Mama ta shiga ne?"

Na durƙusa a gabansa, na murza hannuwansa, sanyi ƙalau. Na tura masa burodi a baki. Na ce, "Baban Tilman, dube ni nan. Wace ce ni?"

Ya dube ni, ya ɗan yi murmushi. "Burga mana, mai bakin tsiya."

"Wannan fa?"

"Tilman. Haba, kin mai da ni yaro?"

Na ce a raina, ya Ubangiji, ka riƙe mini shi kaɗan, ban taɓa roƙonka abin kirki ba.

Sai da rana ta karkata sosai aka buga ƙararrawa. Muka bi jama'a zuwa ƙaramin cocin gidan, inda ake binne 'yan gidan a ƙarƙashin daɓe. A ƙofa aka raba mu, maza dama, mata hagu, yadda aka saba. Na so in bi shi, wata baiwa ta tare ni. Na ce wa Tilman, "Kada ka saki hannunsa." Cocin kuwa sanyi kamar cikin rijiya, rigar maigida ta tsufa, ina hango kafaɗunsa na karkarwa. Sai na ga Sibylla ta ɗaga yatsa, wani bara ya fita ya dawo da alkyabba, ya yafa masa. Alkyabba mai nauyi, mai zaren zinariya. Daga baya Veit ya gaya mini uwarsu ce ta ɗinka masa ita da hannunta lokacin da aka naɗa shi bishop, tana cikin akwati a gidan tun da aka kore shi. Har yau ban sani ba ko tausayi ne ya sa matar nan ta yi haka ko makirci. Wata rana in ce wannan, wata rana in ce wancan. Tilman dai ya ga ubansa na jin sanyi, har ya gyara masa ita a wuya.

Aka kunna turare, sufaye suka ɗauki waƙar mamaci da Latin. Rabon maigida da jin ta tun kafin a haifi Tilman. Ni bayansa nake gani. Bayan nan da ya ranƙwafa shekara da shekaru, ina kallo ya fara miƙewa. Kansa ya ɗago. Sai na ji muryarsa a cikin ta sufayen, da farko ƙasa-ƙasa, daga nan ta hau ta danne tasu, har shi kansa shugaban nasu ya yi shiru ya bar masa. Tsofaffin da suka san shi a dā suka fara waiwayowa, wata tsohuwa kusa da ni ta zube ƙasa tana kuka. Ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ɗaga yatsu biyu, rabin cocin ya durƙusa. Wallahi ya yi kyau. Ban taɓa ganinsa da kyau haka ba, kuma ban taɓa jin tsoro haka ba.

Aka zura akwatin gawa cikin ramin. Veit ya fito rungume da garkuwar, shuɗiya ce mai zanen ƙaya uku, ga gatari a ɗamararsa. Ya tsaya a bakin kabarin, ya ɗaga murya.

"Akwai sauran namiji na jinin Dornfels da zai ɗauki wannan?"

Tilman ya zagayo ya durƙusa a gaban ubansa. Maigida ya dube shi da fara'a, ya ɗora masa hannu a ka. Zuciyata ta yi tsalle, na ce shi ke nan, Allah ya ji ni. Sai na ji Latin. Albarka ya sa masa, ya zana masa gicciye a goshi da babban yatsa, irin wadda ake yi wa duk wanda ya durƙusa, sannan ya ɗauke hannu yana duban na gaba.

Veit ya dubi maigida. Ya sake tambaya, a hankali, yana jan kowace kalma.

Tilman ya kama gefen alkyabbar. "Baba. Baba, yanzu ne. Faɗa musu."

Maigida ya ce, "Samari, tashi, an riga an sa maka albarka."

Wakilin sarki ya kutso gaba, yana tari. "Malam Ortwin! Wannan da ke gabanka, ɗanka ne na aure ko ba ɗanka ba ne? Ka faɗa jama'a su ji!"

Maigida ya dube shi sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi tusa a coci. Ya ce, da muryar nan da ta kai har ƙofa, "Wa ya shigo da wannan? Ni bishop ne. Bishop ba shi da mata, ba shi da ɗa."

Ban san lokacin da na ture matan da ke gabana ba. Na tsallaka ɓangaren maza ina ihu, "Baban Tilman! Baban Tilman, ni ce! Burga ce! Dubi yaron nan, dubi hancinsa!" Na kama hannunsa, hannun da na gama murzawa ɗazu.

Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi ma da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Baiwar Allah, yi haƙuri, kowa zai mutu. Koma can, nan wurin maza ne."

Aka riƙe ni. Veit ya yi tambaya ta uku. Ya tsaya yana jira, yana kallon bakin maigida, ya jira har mutane suka fara motsi, har shugaban sufaye ya yi gyaran murya. Sannan ya juya garkuwar kai ƙasa, ya jingina ta a bakin dutse, ya ɗaga gatari. Hannunsa ba ƙarfi, katakon kuma tsoho ne mai tauri, sai da ya yi ta sara yana kuka kafin ta rabe. Ya ce, "Yau Dornfels, daga yau babu Dornfels." Ya jefa gutsattsarin, suka faɗa kan akwatin.

Maigida ya ce, "Amin." Jama'a suka amsa.

Tilman na nan durƙushe inda yake, ba wanda ya ce masa tashi. Wakilin sarki kuwa tun kafin a rufe ramin ya fice, na ji ƙarar kofaton dokinsa. A dā zargi ne kawai, maƙera na faɗa a bayan ido. Yanzu uban da kansa ya faɗa, a gaban manyan ƙasa, a bakin kabari, kuma kafin mu isa gida labarin zai riga mu.

A tsakar gida na fizge alkyabbar daga jikinsa na yar a cikin taɓo. Sibylla na tsaye a ƙofa, ta aiko a ce mana an shirya abinci. Na ce a gaya mata ta ci ita da matattunta. Muka sauko daga dutsen, maigida na tafe yana sa wa dawaki albarka.

Washegari da safe muna cikin keke, mun yi nisa, sai ya farka daga gyangyaɗi. Ya murza ido, ya dubi hanya, ya dube ni, idonsa garau.

"Burga, anya mutumin nan ya san hanya? Kamar baya muke komawa. Kada fa mu makara." Ya ɗaga murya. "Tilman! Ka ce masa ya kaɗa dokin nan. Yau zan wanke ka a gaban kowa, ka ji ko?"

Tilman na zaune a gaba kusa da mai keke, ya ba mu baya. Bai waiwayo ba, ya ce, "An gama, ranka ya daɗe Bishop."

Maigida ya yi dariya, ya zaci tsokana ce. Da ya ga ba wanda ya taya shi, sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Burga, me ya sa yaron nan yake kirana haka?"

Na kau da kai ina kallon hanya.

Da muka kai mararraba, inda hanya ta yi kudu, Tilman ya ce a tsaya. Ya sauka da ƙunshinsa. Ya ce ana ɗibar sojan haya a bakin kogi, su ba sa tambayar sunan uban kowa. Na riƙe shi, na zage shi, na roƙe shi, na ce ciwo ne, ba ubanka ne ya yi magana ba. Ya ce, "Na sani, Inna. Ki je ki gaya wa maƙera haka." Ya sumbaci goshina, ya ɓamɓare yatsuna daga rigarsa. Ya cire hula ya rusuna wa ubansa, ya juya.

Maigida ya miƙe a cikin keken yana riƙe da kafaɗata. "Tilman! Ina za ka? Jana'izar fa? Kai, Tilman!"

Sau ɗaya na gaya masa abin da ya faru. Ya yi kuka har ya shiɗe, ya yi ta buga kansa a bango, na zaci ranar zai mutu. Da gari ya waye ya manta, ni kuma ban ƙara ba. Tilman bai aiko ba, waɗanda suka dawo daga kudu kuma ba wanda ya san shi. Har yanzu muna nan bayan majema. Kowace safiya, lokacin da kansa yake garau, sai ya sa in ɗauko masa rigarsa mai kyau, ya sa, ya taje gemu, ya zauna a bakin gado, ya ce in je in taso yaron nan kada mu makara.